Mai tayar da tsohuwar akori-kura a gida, kada ya fara da fenti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da 'yan'uwanmu masu tsofaffin motocin akori-kura, musamman waɗanda suka ja tasu ƙofar gida da niyyar tayar da ita da hannunsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har ta Beljiyam ma ta gagari mai ƙaramin ƙarfi, sai mutane suka waiwayi waɗanda suka daɗe a jingine. Mun yi murna da haka. Manomin da zai kwaso masara daga Saminaka ko citta daga Kachia, da mai kai bulo da siminti unguwannin Rigasa da Mando, abin da suke nema shi ne motar da za ta tashi da asuba, ta ɗauki kaya, ta tsaya idan an taka birki. Peugeot 404 da 504, da Toyota Hilux mai injin 22R ko 3Y ko 3L, da Nissan mai TD27, da Mitsubishi L200 mai 4D56, duk suna iya wannan aiki idan an gyara su yadda ya kamata. Garin nan na Kaduna kuma ba baƙon Fijo ba ne, tunda a Kakuri kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, kuma har yau akwai dattawan makanikai da suka san 504 ciki da bai.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake juya aikin a baibai. Mutum zai sami kuɗi kaɗan, sai ya kira mai fenti, ya sa a ɗinka kujera, ya sayi sababbin fitilu, kuɗin ya ƙare ba a taɓa birki ba, ba a leƙa ƙarƙashin motar ba. Mota ta fito tana ƙyalli, amma kyan ɗan maciji ne. Jerin aikin da muka sani shi ne: shasi da farko, sai birki da sitiyari da sifirin, sai ruwan sanyaya inji, sai injin kansa, sai wayoyi, fenti kuwa shi ne na ƙarshen ƙarshe.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a haɗa lambar shasi da ke jikin ƙarfen da wadda ke kan takardu. Idan sun saɓa, ko an ga alamar an goge lambar an sake bugawa, a tsaya nan. Ba a zuba kuɗi a motar da wata rana za a iya ƙwacewa a shingen bincike.

Daga nan a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, a bar ta ta bushe kwana ɗaya, a ɗauki ƙaramar guduma da tocila a bi shasin daga gaba har baya ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana ba da amo mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe yake, wani lokaci ma guduma ta shige. Wuraren da tsatsa ta fi ci su ne inda aka rataye sifirin ɗin baya, da bayan tankin mai, da ƙarfen da ya gitta tsakanin hannayen shasin biyu, da inda bodi ke zaune a kan roba. Dalilin shi ne laka tana shiga cikin ƙarfen ta ramukansa, ta zauna da danshi duk tsawon damina, tana cinsa daga ciki, saboda haka daga waje sai a ga kamar lafiya lau. Motocin da suka zo daga Turai sun fi wannan ciwo, don can ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Sannan a ɗauki tef a auna shasin a gicciye: daga wani rami na gaba a hagu zuwa na baya a dama, a maimaita a ɗaya ɓangaren. Awon biyu su zo daidai. Idan bambancin ya wuce 'yan milimita, motar ta taɓa haɗari ko lodi ya murɗe ta, kuma za ta riƙa cin taya gefe ɗaya komai yawan saitin da aka yi mata. Idan ruɓewar ta mamaye tsawon hannun shasi, gaskiyar magana ita ce motar ta zama ta cire kaya, a nemi wani shasin ko a haƙura.

Ruɓewar wuri ɗaya ko biyu tana gyaruwa, amma aikin mai walda ne da ya san abin da yake yi, kuma akwai su a kasuwar Panteka. A yanke ruɓaɓɓen har sai an kai ga ƙarfe mai haske, a cike gurbin da farantin ƙarfe mai kaurin na asali, kamar milimita 3, sannan a ɗora wani a kai mai tsini a ƙarshensa biyu. Kada a yarda a ja walda miƙe daga sama zuwa ƙasa a jikin shasi, domin nan ne zai tsage da zarar an ɗora kaya an shiga gargada. Liƙa faranti a kan tsatsa ba tare da an yanke ta ba gyaran gangar Auzinawa ne. Kafin a kunna walda a cire kan batir, a sauke tankin mai a kai shi nesa. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin fetur ne ke fashewa.

A nan dole mu tsaya kan maganar rai. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, yana ragargajewa farat ɗaya ba gargaɗi. A sa mai walda ya ƙera ƙafafun ƙarfe huɗu masu faɗin gindi, ko a nemi gungumen katako mai tauri, a dasa su a ƙasa mai ƙarfi, a tare tayoyin da ke ƙasa gaba da baya. A gidan da ke da yara, a cire makulli da kan batir duk lokacin da aka tashi daga aiki.

Birki shi ne inda muke so mai gyara ya fi kashe kuɗi da lokaci. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Motar da ta yi shekaru a tsaye, ruwan da man ya sha ya riga ya ci cikin silindar birkin tayoyin baya da ta babban famfon da ke gaban direba. A buɗe gangar baya, a ɗaga robar da ke bakin silindar da ɗan yatsa: idan akwai jiƙa, tana yoyo. Idan cikinta ya yi ramuka, canza roba kaɗai ba zai yi ba, sai sabuwar silinda. Fatar birkin da kaurinta bai kai milimita 2 ba, ko wadda mai ya jiƙa, a jefar da ita, kuma a canza hagu da dama tare, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe. Ƙurar cikin ganga kada a hure ta da baki ko da iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, don tsofaffin fatun birki suna ɗauke da sinadarin asbestos mai lalata huhu.

Robobin birki ba a wanke su da fetur ko kananzir, kumbura suke yi su maƙale. Da man birki mai tsabta ake wanke su. Tiyo na roba da ke kai mai ga tayoyi shi ma yana kumbura daga ciki har ya zama mai yana shiga ba ya komawa, sai a ga taya ɗaya tana zafi birki ya riƙe. A canza su duka. Bututun ƙarfe da ya yi tsatsa a maye shi da bututun birki na ainihi, kada a karɓi na jan ƙarfe irin na firji, domin girgiza tana sa shi ya tsage. Man da za a zuba DOT 3 ne ko DOT 4, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Zuba ruwan sabulu ko man giyabos a madadinsa, kamar yadda wasu ke yi a hanya, wasa da rayukan mutane ne. Wajen fitar da iska ana farawa da tayar da ta fi nisa da babban famfo, a ƙare da mafi kusa: mutum ɗaya ya taka sau uku ya riƙe, ɗayan ya buɗe notin ya rufe kafin a saki ƙafa, ana lura kada kofin man ya ƙafe. Yawancin Hilux suna da wani bawul a saman aksul ɗin baya mai rage ƙarfin birkin baya idan babu kaya. Shi ma yana da notin fitar da iska, kuma sau da yawa ana mantawa da shi ko a tsinke sandarsa. Idan ba ya aiki, motar da ba ta ɗauke da kaya za ta kulle tayoyin baya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ta juya da direba.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ɓata birkin baya wanda ba kowa ke lura da shi ba. A saman aksul akwai ɗan bututun shan iska. Zanzaro yana son toshe shi da laka idan mota ta daɗe a tsaye. Da ya toshe, in man aksul ya yi zafi iska ba ta da mafita, sai ta tura man ta bakin oyil sil ya zubo kan fatar birki. Mutum ya canza sil sau biyu sau uku yoyo bai daina ba, alhali allura ce kawai za ta buɗe ramin.

Sitiyari: mota a ƙasa, tayoyi a miƙe, a motsa kan sitiyarin hagu da dama. Wasan da zai yi kafin taya ta motsa kada ya wuce milimita 30. A ɗaga gaba, a riƙe taya sama da ƙasa a girgiza, motsi a nan na boris ne ko boljoyin. A riƙe gefe da gefe, motsi a nan na tayarod ne. Boris ɗin gaba a wanke shi da kananzir, a duba ko ya yi shuɗi ko ya ƙwarzane, a cusa masa sabon giris da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen. Wajen ɗaurewa a matse notin ana juya taya, a sassauta, a sake ɗaurewa sama-sama yadda taya za ta juya ba wasa ba kuma tauri. A sa sabon fin da ke kulle notin, ƙusa ba ta maye gurbinsa.

Sifirin ɗin baya a duba ganyen da ya karye, da notin tsakiya da ke riƙe ganyayen, da bushin, da ƙarafan da suka rungume shi da aksul. Idan notin tsakiya ya karye aksul yana zamewa, sai a ga mota tana tafiya a karkace. Masu ƙara ganye uku huɗu don su ɗora lodi su sani cewa sifirin kaɗai suka ƙarfafa. Boris ɗin aksul da birki da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su, kuma waɗannan motoci an ƙera su ne don kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba. Taya kuma a sayi ta ɗaukar kaya, mai harafin C ko LT a jikinta. A karanta lambobi huɗun da ke gefenta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta tsufa ta tsattsage a gefe ba ta da amfani ko da zanenta bai goge ba.

Yanzu sai inji. Wanda ya yi shekaru bai tashi ba, kada a ɗaura masa batir a murɗa makulli. A cire fulogai, a zuba cokali ɗaya ko biyu na baƙin mai a kowace silinda, a bari kwana biyu ko uku, sannan a sa sufana a notin fulin gaba a juya shi da hannu zagaye biyu cikakku. Idan ya tsaya cak a wani wuri kada a tilasta, wataƙila bawul ne ya maƙale. A zubar da tsohon fetur, a wanke tanki, a canza tiyo da matatar mai, a buɗe gidan matatar iska don ɓeraye na yin sheƙa a ciki. A zuba sabon baƙin mai da sabuwar matata, 20W-50 ga tsohon injin fetur, 15W-40 ga na dizal, a juya inji da kik fulogai a cire har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da su a tayar. A yi haka a fili, ba a cikin rufaffen gareji ba.

Kafin a yanke hukuncin sauke inji a auna matsin silinda, domin injuna da yawa ana farke su ba gaira ba dalili. Ana yi inji da ɗumi, fulogai duka a cire, totur a buɗe. A 22R lafiyayyen matsi kilogiram 12 ne a kan murabba'in santimita, mafi ƙaranci 10, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 1. Idan wata ta yi ƙasa a zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai a sake aunawa. In ya tashi, ringi ne suka gaji. In bai tashi ba, bawul ne. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. Hayaƙi ma yana ba da labari: shuɗi da safe kawai wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci robobin bawul ne, shuɗin da ba ya yankewa ringi ne, baƙi mai ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, fari mai kauri tare da raguwar ruwan lagireto kuwa ruwa ne ke shiga silinda.

Sau da yawa abin da injin fetur ke nema saiti ne kawai. A 22R tsakanin bawul, inji da zafi, milimita 0.20 ne na shiga, 0.30 na fita, bakin fulogi 0.8. A 504 mai injin lita biyu, inji a sanyaye, 0.10 na shiga, 0.25 na fita, bakin kwantak 0.40. Da fila geji, siraran ganyen ƙarfe masu lambar kauri, ake auna waɗannan, ba da ido ko kunne ba. Bawul ɗin fita da aka matse fiye da kima ba ya zama daram a mazauninsa, ba ya sauke zafinsa, sai ya ƙone. Kafireta a kwance ta a kan farin tsumma, a wanke, a hure ramukan da iska. Kada a zura waya a cikin jet, tana faɗaɗa ramin motar ta koma shan mai.

Kowane inji da inda yake ciwo. Na 22R sarƙar taimin ce: a yawancinsu abin da ke tare sarƙar na roba ne mai tauri, idan ya karye sarƙar tana gogar murfin gaba har ta huda shi ta kai ga hanyar ruwa, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Alamar farko ita ce ƙarar sarƙa na 'yan daƙiƙu idan an tayar da safe. Injunan Toyota 2L da 3L da 5L bel suke amfani da shi, ana canza shi duk kilomita 100,000, tare da boris ɗin da ke ɗame shi. A motar da ba a san tarihinta ba, a canza kawai, don in ya tsinke fistin zai daki bawul. Na 4D56 bel biyu gare shi, kuma ƙaramin ne ke tsinkewa ya shiga ƙarƙashin babban ya kashe inji, saboda haka tare ake canza su. Na 504 kuwa silindarsa hannun riga ce da ake zarewa, tana zaune cikin ruwa da sil a gindinta. Wannan alheri ne, don ba sai an kai an rarake ba, ana sayen silinda da fistin da ringi a haɗe. Amma da zarar an ɗage kan inji, wanda makanikai ke kira tof, dole a danne silindojin da washa (zoben ƙarfe) da noti kafin a juya inji. In ba haka ba za su ɗaga, sil ɗin gindi ya saki, a gama haɗawa a tarar da ruwa a cikin baƙin mai.

Idan ta kama a buɗe tof, a ɗauki hoto da waya a kowane mataki, a zuba notocin kowane sashe a leda daban a rubuta sunansa, a huda kwali a jera bawuloli bisa lambarsu don kowane ya koma gidansa. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof a zura fila geji: a 22R in ya lanƙwashe fiye da milimita 0.15 sai an kai an share fuskar. Sharewa, da raraka silinda, da dauje karanshaf, da saita famfon injekta da nozul, ba aikin gida ba ne, na masu injin awo ne. Abin da ke kan mai mota shi ne ya tambayi awon da aka kai, ya sayi metal, wato boris ɗin karanshaf, da fistin daidai da shi: karanshaf da aka rage 0.25 sai metal na 0.25. Wajen mayar da tof, a share ramukan noti daga mai da ruwa, a ɗaure daga tsakiya zuwa waje a zagaye uku da sufana mai awo. A 22R awon ƙarshe Nm 78 ne a ma'aunin sufanar. Ɗaurewa da dogon bututu da ƙarfin damtse ita ce ke sa sabon gaskit ya ƙone cikin wata ɗaya. Kuma ba a shafa wa gaskit ɗin tof gam.

Abin da ya fi kashe waɗannan injuna a ƙasarmu zafi ne, kuma mafi yawansa da hannunmu muke jawo shi. Al'adar cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke kan hanyar ruwan inji, da sunan wai ƙasarmu da zafi kuskure ce. Aikinsa shi ne ya riƙe inji a zafin da ya dace, wajen digiri 82 zuwa 88. Babu shi inji yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da hunturu, yana shan mai, silinda tana saurin cinyewa, kuma ainihin abin da ya kawo zafin yana nan ba a taɓa shi ba. A gwada shi a tukunyar ruwan zafi, in ya buɗe kafin ruwan ya tafasa lafiyarsa ƙalau. Masu laifin na gaskiya su ne lagireton da ya toshe, da murfinsa da ya daina riƙe matsi, da famfon ruwa da fukafukansa suka cinye, da fanbel da ya saki. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ƙasa-ƙasa a cikin bututun lagireto, kuma ruwa zalla yana cin tof na alminiyam irin na 22R da 504. A kai lagireto a buɗe a zuzzure, a sa sabon murfi mai lambar da ke kan na asali, galibi 0.9, a zuba ruwan sanyaya inji na gwangwani haɗe da ruwa mai tsabta rabi da rabi. Inji in ya yi zafi a hanya kada a kwara masa ruwan sanyi, nan ne tof ke tsagewa.

Masu dizal su riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin matatar mai, su fitar da iska da ɗan famfon hannu da ke samanta duk lokacin da aka canza ta, su canza baƙin mai duk kilomita 5,000. Wahalar tashi da safe yawanci hita fulogi ne ya mutu. Kanga tsumman fetur a bakin iska don a tayar da shi yana karya ringi. Kuma kada a taɓa laluben yoyon bututun injekta da hannu inji yana aiki, matsinsa yana huda fata.

Wayoyi ba su da wuya in an bi a hankali. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 a mita, in inji na aiki ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka oltaneta ba ta caji, sama da haka tana dafa batir. Rabin matsalar wutar tsohuwar mota daga wayar da ke haɗa batir da bodi da inji take: a kwance, a kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure. Duk fiyus da aka naɗe da waya ko takardar sigari a cire shi a sa mai lambar da ta dace, domin idan fiyus ya ƙi ƙonewa wayar ce za ta ƙone, da motar gaba ɗaya. Ƙwan fitila na asali galibi bai wuce wat 60/55 ba, wanda ya sa na wat 100 ba tare da rile mai ɗauke wa makunni nauyin wuta ba zai narkar da makunnin.

Wajen sayen kaya, ko a kasuwar Oriakpata ko wajen 'yan Beljiyam, a tafi da tsohon a hannu da lambar shasi, a gwada su gefe da gefe. Ƙarfe irin su aksul, giyabos, ƙofa da kik, na Beljiyam mai kyau yakan fi sabon jabu. Amma roba, bel, gaskit, sil da duk abin da ya shafi birki, sabo ake saya, mai kyau, ko da ya fi tsada. Tsohon baƙin mai kuma a tara shi a jarka, akwai masu saye, kada a tuttule shi a kwata ya gangara Kogin Kaduna.

Sai an gama duk wannan ake zuwa ga bodi. A kankare tsatsa har ƙarfe da samfefa mai lamba 80, rami a cike shi da walda, ba da fila ba. Bodi fila na daidaita ƙananan lotsawa ne, kaurinsa kada ya wuce milimita 3, wanda ya fi haka zai tsage ya ɓalle a gargada. A bi da samfefa 180, a fesa firama a ranar da aka kankare don ƙarfe tsirara yana fara tsatsa cikin dare ɗaya da damina, a goge da 320 zuwa 400, sannan fenti hawa biyu ko uku, ana ba kowane hawa 'yan mintuna ya sha iska. Da hunturu ƙura ce matsala, a yayyafa ruwa a ƙasa a kewaye wurin da leda. Da damina kuma danshi ne, yana sa fenti ya dushe, sai a jira rana ta buɗe. Fentin da ake haɗawa da hadna, sinadarin da ke sa shi ya yi tauri, yana da guba ga huhu, tsumma a hanci ba ya tare ta, wanda ba shi da abin rufe fuska na ainihi ya bar wa masu sana'ar. Ƙasan akori da cikin shasi a shafe su da baƙin fentin hana tsatsa, a buɗe ramukan da ruwa ke tsiyayewa. Idan an canza launi ko inji, a je ofishin lasin a gyara takardu kafin a hau titi.

Injin da aka sa wa sabon ringi da metal, kilomita 1,000 na farko ba a ɗora masa lodi, ba a kuma bar shi yana aiki a tsaye na dogon lokaci. A riƙa sauya gudu, ido na kan agogon zafi da fitilar mai. Notocin taya a sake ɗaure su bayan kilomita 50 na farko, ƙarafan da suka rungume sifirin kuma bayan ɗaukar kaya na farko, domin sababbi suna saki. A cikar kilomita 1,000 a zubar da baƙin mai da matatarsa, a sake auna tsakanin bawul, a 504 kuma a sake bin notocin tof da sufana mai awo inji a sanyaye.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Wassalam.

Daga wasu makanikai da masu walda,
Kaduna.